"Ai Gaskiya Na Faɗa": Shin Maganar Gaskiya Kan Zama Ƙazafi?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai suturta bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata kalma da ta zama garkuwa a bakin jama'armu duk lokacin da aka ja kunnen wani kan yaɗa labarin fasiƙancin wani magidanci ko wata matar aure. Kalmar ita ce: "Ai gaskiya na faɗa." Kishiya tana faɗinta, maƙwabci yana faɗinta, haka ɗan majalisar mai shayi, haka wanda ya tura hoton hirar wasu a WhatsApp. Dukkansu sun ɗauka laifin harshe guda ɗaya ne, wato ƙarya, don haka wanda bai yi ƙarya ba ya kuɓuta. To, shin haka abin yake a Shari'a? Amsa a taƙaice ita ce, mutum yana iya gani da idonsa, ya faɗi abin da ya gani babu ƙari babu ragi, amma duk da haka ya cancanci bulala 80 a gaban alƙali, kuma ya ɗauki babban zunubi a wurin Allah.

Giba, ƙage da ƙazafi

Ya kamata mu fara rarrabe sunaye uku da ake cakuɗawa. A hadisin da Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA), Manzon Allah (SAW) ya fassara giba da cewa ita ce ambaton ɗan uwanka da abin da yake ƙi. Sai aka tambaye shi, to idan abin da aka faɗa yana tare da shi fa? Ya bayyana cewa idan yana tare da shi an yi gibarsa, idan kuma ba ya tare da shi an yi masa ƙage. Ke nan giba tun asalinta gaskiya ce. Wanda ya ce "gaskiya na faɗa" ya wanke kansa daga ƙage, amma ya amsa laifin giba da bakinsa, laifin da aya ta 12 a Suratul Hujurat ta kamanta da cin naman ɗan uwa matacce.

Ƙazafi kuwa ya fi su duka nauyi. Shi ne jifan Musulmi kamamme da zina, ko kore masa nasabarsa daga mahaifinsa, ba tare da hujjar da Shari'a ta nema ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito shi cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, a jere da shirka da sihiri da kisan kai. A lura da ma'anar da kyau: abin da ya rataya a kansa shi ne rashin hujja. Malamai ba su sanya sharaɗin sai mai maganar ya san ƙarya yake yi ba.

Ayar da ta kira mai gani da ido maƙaryaci

Aya ta 4 a Suratun Nur ta ɗora hukunci uku a kan wanda ya jefi kamammu da zina bai zo da shaidu huɗu ba: bulala 80, da ƙin karɓar shaidarsa, da sanya masa sunan fasiƙi. Aya ta 13 kuma ta ƙara da cewa matuƙar ba su zo da shaidun ba, to su ne maƙaryata a wurin Allah. Imam Ƙurɗubi, babban malamin tafsiri na mazhabar Malikiyya, ya yi bayanin cewa ana nufin a cikin hukuncin Allah, domin mutum yana iya kasa kawo hujja alhali abin da ya faɗa ya faru, amma a zahirin Shari'a maƙaryaci ne. Allah Ya san abin da ya faru a bayan ƙofa. Alƙali kuwa an umarce shi ya yi hukunci da shaidu.

Su ma shaidun an tsananta sharuɗɗansu. A Risalar Ibn Abi Zaid Al-Ƙairawani, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, dole su kasance maza huɗu, baligai, adilai, waɗanda suka ga aikin ƙuru-ƙuru kamar yadda ake ganin tsinken kwalli a cikin tandu, kuma su ba da shaida tare a lokaci guda. Ganin mutum biyu sun shiga ɗakin otal bai cika wannan sharaɗi ba. Ganin mota a ƙofar gida da tsakar dare bai cika shi ba. Waɗannan abubuwa na iya zama saɓo a kan kansu, kamar keɓancewa da wadda ba muharrama ba, kuma hukuma na iya ladabtarwa a kansu. Amma tsallakewa daga gare su zuwa kalmar zina, tsallake ne da ke jawo wa mai yinsa haddi.

Hilal ɗan Umayya

Babu ƙissar da ta fito da wannan mas'ala fili kamar ta Hilal ɗan Umayya (RA), wadda Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas. Hilal ya zo gaban Annabi (SAW) ya tuhumi matarsa da wani mutum mai suna Sharik ɗan Sahma'u. Annabi (SAW) ya ba shi zaɓi biyu: ko ya kawo hujja, ko bulalar haddi ta hau bayansa. Hilal ya yi ta rantsuwa cewa gaskiya yake faɗa, yana mamakin yadda za a ce mutum ya ga wani a kan matarsa sannan ya tafi neman shaidu. Annabi (SAW) bai sauya magana ba, har Allah Ya saukar da ayoyin li'ani, daga ta 6 zuwa ta 9 a Suratun Nur.

Sai Hilal ya yi rantsuwa huɗu cewa shi mai gaskiya ne, a ta biyar ya kira wa kansa la'anar Allah idan ƙarya yake yi. Matar ita ma ta yi rantsuwa huɗu cewa ƙarya yake yi, a ta biyar ta kira wa kanta fushin Allah idan shi ne mai gaskiya. Aka raba su. Annabi (SAW) ya ambaci wasu siffofi, ya ce idan ta haifi ɗa mai su to na Sharik ne. Da ta haihu, sai ga yaron da waɗannan siffofi. Duk da haka ba a taɓa ta ba, Annabi (SAW) ya nuna cewa hukuncin Littafin Allah da ya riga ya gabata shi ne ya kare ta. A wata ruwaya ta Abu Dawud ma, an hana kowa jifanta ko jifan ɗanta da wannan magana, wanda ya yi kuwa haddi ya hau kansa.

Mai karatu ya duba wannan da idon basira. Alamu sun nuna Hilal ne mai gaskiya, amma gaskiyarsa ba ta ɗauke masa barazanar bulala ba sai da wahayi ya buɗe wa mazajen aure wata ƙofa ta musamman. Wannan ƙofa kuwa ta miji ce kaɗai, a gaban alƙali. Ba a buɗe ta ga maƙwabci ba, ko ɗan uwan miji, ko kishiya. Haka nan Imam Malik a Muwaɗɗa da Imam Muslim sun ruwaito cewa Sa'ad ɗan Ubada (RA) ya tambaya ko idan ya sami wani tare da matarsa zai saurara masa har sai ya zo da shaidu huɗu, Annabi (SAW) ya amsa masa da e.

Abin da ya faru a Basra

A shekara ta 17 bayan Hijira, wasu mutum huɗu sun kai ƙarar gwamnan Basra, Mugira ɗan Shu'uba (RA), gaban Halifa Umar (RA). Uku daga cikinsu, Abu Bakra da Nafi'u da Shibl ɗan Ma'abad, suka ba da shaidar zina kai tsaye. Na huɗun, Ziyad, ya faɗi iya abin da ya ce ya gani, amma bai tabbatar da aikin kansa ba. Shaida ba ta cika ba, Mugira ya kuɓuta, Umar ya sa aka yi wa ukun bulala 80 kowannensu. Imam Bukhari ya yi ishara ga wannan hukunci a babin shaida na Sahihinsa. Bayan haka Umar ya sake naɗa Mugira gwamna a Kufa.

Ba mu kawo wannan don taɓa mutuncin wani sahabi ba, domin wanda Shari'a ta wanke, wankakke ne. Darasin yana ga Abu Bakra (RA). Biyu sun janye maganarsu, shi kuwa ya ƙi janyewa, kuma malaman hadisi ba su taɓa ɗaukarsa maƙaryaci ba, Bukhari da Muslim duk sun ruwaito hadisansa. Wato mutum ne da al'umma ta yarda da amanarsa, kuma ya yi imani da abin da ya faɗa, amma haddi bai tsallake shi ba. Ziyad kuwa, da ya tsaya iya abin da idonsa ya tabbatar, ba a taɓa shi ba. Idan wannan shi ne hukuncin waɗanda suka je gaban Halifa a matsayin shaidu, me za a ce da wanda ya baza magana a gidan biki?

Habaici da gugar zana

Wani zai ce shi bai ambaci kalmar ba, habaici kawai ya yi. A mazhabarmu ta Malikiyya wannan ba mafita ba ce. Imam Malik ya ruwaito cewa a zamanin Umar (RA) wasu mutum biyu sun yi zage-zage, sai ɗaya ya ce shi dai mahaifinsa da mahaifiyarsa ba mazinata ba ne. Umar ya yi shawara da sahabbai, wasu suka ce iyayensa ya yaba, wasu suka ce ai akwai yabon da ya fi wannan da zai yi musu. Umar ya yi masa bulala 80. Imam Abu Hanifa da Imam Shafi'i ba su ga haddi a habaici ba, amma Malikiyya sun ce duk zancen da masu sauraro suka fahimci jifa da zina a cikinsa, ƙazafi ne.

Hausa kuwa harshe ne mai arzikin habaici. "Mu dai 'ya'yanmu duk da ubansu suke kama." "Wasu ba a san inda suke samun kuɗin atamfa ba." Irin waɗannan maganganu da ake jefawa a tsakar gida suna iya kai mai su ga abin da bai zata ba. Haka kiran mutum shege idan ana nufin kore shi daga mahaifinsa. Malamai suna duba al'ada da yanayin da aka yi maganar, amma mai hankali ba ya wasa a bakin rami.

Hoto, bidiyo da turawa

A yau hujjar mutane ita ce waya: hoton hira, muryar da aka naɗa, gajeren bidiyo. Mafi yawan malaman zamani ba su ɗauki waɗannan a madadin shaidu huɗu wajen tabbatar da haddin zina ba, domin ana iya haɗa su ko a sauya su, kuma haddi yana faɗuwa da shubuha. Ko gwajin ƙwayoyin halitta, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a zamanta na 2002 cewa ba a dogara da shi wajen haddi, kuma ba a gabatar da shi a kan li'ani wajen kore nasaba. Sannan sau da yawa hanyar da aka bi aka samo hoton ita ma haram ce, domin ayar da ta hana giba ita ce ta hana bin diddigin asirin mutane.

Wanda ya tura kuma ba zai fake da cewa ba shi ya fara ba. A ƙissar ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai A'isha (RA), wadda Allah Ya wanke ta daga saman sammai bakwai, munafuki Abdullahi ɗan Ubayyu ne ya kitsa maganar. Amma waɗanda malaman tarihi suka ambata an yi wa haddi su ne Misɗahu da Hassan ɗan Sabit da Hamna 'yar Jahshi, Musulmi na gaske waɗanda laifinsu shi ne sun ji sun maimaita. Danna maɓallin turawa maimaitawa ce, kuma ta fi ta baki nisan zango. Magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga wayoyi dubu.

Me ya sa aka tsananta haka?

Musulunci bai sassauta wa zina ba, ya hana ko kusantarta. Amma bayan ta auku a ɓoye, yaɗa labarinta ɓarna ce ta biyu da takan fi ta farko faɗi. Zunubin mutum biyu ne, kunyar kuwa ta dangi biyu ce. Yaran da ba su san hawa ba su san sauka ba su ne za a nuna da baki a makaranta, 'yan mata su rasa manema saboda abin da aka ce uwarsu ta yi, a dasa wa yaro shakka kan mahaifinsa har ya tsufa. Wanda aka tona kuma sau da yawa yakan yar da sauran kunyarsa, tunda abin da yake ɓoyewa ya riga ya fito. Sannan idan kunne ya saba jin cewa wane da wance duk suna yi, sai girman laifin ya ragu a zukatan matasa. Shi ya sa aya ta 19 a Suratun Nur ta yi alƙawarin azaba mai raɗaɗi, duniya da lahira, ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai.

Ma'izu (RA) ya aikata laifin da gaske, da bakinsa ya amsa. Duk da haka Annabi (SAW) ya nuna wa Hazzal, wanda ya ba shi shawarar ya kai kansa, cewa da ya lulluɓe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. A Muwaɗɗa kuma, wani mutum ya gaya wa mai neman auren 'yar uwarsa cewa ta taɓa yin kuskure. Da labari ya kai wa Umar (RA), sai ya doke shi ko ya kusa dukansa, yana tuhumarsa da abin da ya kai shi ba da wannan labari. Mutumin nan gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta jawo masa fushin Halifa.

Ina mafita ga wanda aka cuta?

Kada a fahimci cewa Shari'a ta ɗaure bakin wanda aka ci amanarsa. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta rangwamen bayyana zaluncin, kuma Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki akwai kai ƙara, da neman fatawa, da neman taimakon kawar da ɓarna, da gargaɗin Musulmi daga cuta. Sharaɗin shi ne a faɗa wa wanda zai iya gyarawa, gwargwadon buƙata.

Mijin da ya tabbatar da cin amana yana da saki a hannunsa, yana iya rabuwa cikin sutura ba tare da ya faɗa wa kowa dalili ba. Idan akwai cikin da ya tabbata ba nasa ba ne, ga li'ani a kotu. Matar da mijinta ke neman mata tana da haƙƙin ta kai kuka ga waliyyinta, ko malami amintacce, ko alƙali. Ta faɗi abin da ta sani: ba ya kwana a gida, ga saƙonnin da ta gani, ga kuɗin cefane da ya daina bayarwa. Tana da haƙƙin kare lafiyarta da neman a yi gwajin asibiti, da neman rabuwa saboda cutarwa, ko hul'i. Duk wannan tana iya samunsa ba tare da ta furta kalmar zina a kan wata mace da sunanta ba, kuma ba tare da ta kai zancen Facebook ba.

Wanda aka nemi shawararsa kan mai neman aure, idan ya san mutumin yana kan halinsa, wajibi ne ya yi nasiha. Idan cewa "ban ba ku shawara ba" ta wadatar, ya tsaya nan. Idan kuma mutumin ya tuba ya gyaru, tono abin da ya wuce zalunci ne.

Akwai kuma inda shiru ne laifi. Suturar da aka kwaɗaitar ta mai zunubi ce tsakaninsa da Ubangijinsa. Wanda yake lalata yara, ko yake yi wa mata fyaɗe, ko yake amfani da muƙaminsa yana tilasta wa na ƙasa da shi, mai cutar da bayin Allah ne. Kai rahotonsa ga hukuma, da kai wanda aka cuta asibiti da wuri, wajibi ne, kuma rufe irin wannan da sunan rufin asiri taimakon azzalumi ne.

Dokar ƙasa

A shari'ar diyya da Najeriya ta gada daga Ingila, wanda ya tabbatar da gaskiyar maganarsa ya kare kansa daga tuhumar ɓata suna. Amma kundin dokokin laifuka da Arewa ta fara aiki da shi a 1960, wato Final Kod, ya ƙara sharaɗi a sashe na 391: gaskiyar tana kare mai ita ne idan faɗinta na da amfani ga jama'a. Tun daga shekarar 2000 kuma, Zamfara da wasu jihohin Arewa suka shigar da haddin ƙazafi cikin kundin dokokinsu na Shari'a. Zartar da wannan haddi aikin alƙali ne bayan wanda aka jefa ya nemi haƙƙinsa, ba na dangi ko matasan unguwa ba.

Ga wanda harshensa ya riga ya zame

Ƙofar tuba a buɗe take, aya ta 5 a Suratun Nur ta keɓe waɗanda suka tuba suka gyara. Ya daina maimaita maganar, ya goge abin da ya tura, ya nemi waɗanda ya tura wa su goge, ya gyara sunan mutumin a majalisar da ya ɓata shi. Idan maganar ta kai kunnen mai ita, ya nemi yafiyarsa, domin haƙƙin ɗan Adam ne. Wanda aka kawo wa irin wannan labari kuma, aya ta 12 da ta 16 a surar sun koya masa ya kyautata zato, ya ce bai dace da shi ya yi magana a kai ba.

Kafin ɗayanmu ya buɗe baki kan mutuncin wani, ya tambayi kansa: ina da shaidu huɗu? Wanda zan faɗa wa zai iya gyara wani abu? Me nake nema, gyara ko huce haushi? Annabi (SAW) ya yi albishir cewa wanda ya suturta Musulmi, Allah zai suturta shi duniya da lahira, kuma babu ɗayanmu da ya wadatu daga wannan sutura.

Allah Ya tsare mana harsunanmu da gidajenmu, Ya shiryi masu saɓo daga cikinmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Allah ne Mafi sani.